Zanzanar Hansatu

Wani fili ne ya fara ɗaukar idona, a tsakiyar gonar dawa, bayan an wuce Basirka kaɗan. Ina kan babur muna bin burtali, dawa ta yi shar hagu da dama, sai ga wuri ɗaya an bar shi ba noma, kamar sanƙo a tsakiyar suma. Babu komai a cikinsa sai tsamiya guda, da wani tsohon suri, da fasassun tukwane da ruwa ya tono. Na ce da ɗan acaɓan ya ɗan tsaya.

Ya ce, "Malama, ba a tsayawa a nan."

"Saboda me?"

"Nan ake kawo masu agana a zamanin da. An ce wata mata ce kaɗai ke shiga ta fito lafiya."

"Wace mata?"

"Oho. Matar ɗanta dai tana nan da rai, Iya Dudu. In kina son dogon zance, can za ki."

Ku da kuke rubutu a waya yanzu, kuna sakin shafi kullum, kun sha ce mini labarin mutanen da shi ne mafi sauƙi, tunda ba wanda ya gani balle ya ƙaryata. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Na yi shekaru masu yawa ina rubuta ƙananan littattafai na labarin matan da, domin 'yan mata su karanta su ga akwai waɗanda suka riga su. Cikinsu babu wanda ya ba ni wuya kamar wanda ya fito daga wancan fili.

Koyon sana'ata a rumfar Malam Sabo na yi shi, mai hayar littattafai a bakin tashar Birnin Kudu. Aikina na farko ɗinki ne. Duk sabon littafin da ya zo daga Kano sai mu yi masa riga da takardar siminti, mu huda gefensa da basilla, mu ɗinke da zare mai ƙarfi, don hannun 'yan haya ba ya tausayin takarda. Ladana shi ne in karanta kyauta. Ban bar littafin soyayya ko ɗaya a rumfar nan ba. Na haddace taurarinsu kamar 'yan ɗakinmu: doguwa, fara sol, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya, in ta yi murmushi kumatu su lotsa. Har yau in hadari ya haɗu da yamma, ina iya zama a tsakar gida in ƙaga saurayi da budurwa da ruwa ya tsare a rumfa ɗaya. Wannan halin ban rabu da shi ba, kuma ba na jin zan rabu.

Da na rubuta nawa na farko na kai masa, ya karanta shafi kaɗan ya miƙo mini. Ya ce, "Irin wannan akwai buhu guda a bayana." Muna cikin haka wata 'yar makarantar kwana ta dawo da littafi, ta tsaya tana jujjuya na kan tebur, ta ce, "Malam, waɗannan duk kuka suke suna jiran wani. Babu na wadda ta yi wani abu?"

Malam Sabo ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kin ji ciniki."

Shi ne ya kafa mini dokar da na riƙe har na ajiye biro. Ya ce duk labarin da na karɓo daga bakin wani, kada in kai wa mai bugawa sai na koma na karanta wa mai shi, tun daga farko har ƙarshe. In ya ce ba haka ba ne, to ba haka ba ne.

Kayan aikina ba su da yawa: rikoda mai kaset, da batir, da littafin rubutu mai layi, da biro. Biron aiki biyu yake yi, don da shi nake naɗe zaren kaset in rikoda ta tauna. Batir in ya yi sanyi sai in shanya shi a rana, ya ɗan farfaɗo. Sai goro da sabulu a jaka, don ba a shiga wurin tsohuwa hannu rabbana. In na nemi izini ta yarda, nakan kifa faifan rufe ƙwarya a kan rikodar, domin in tana ganinta sai ta riƙa yin magana irin ta rediyo. Kuma ba a zaunar da tsohuwa a ce ta ba da labari. Sai a bari tana ɓarar gyaɗa ko tana tsinkar zogale, a sa hannu a taya ta, bakin zai buɗe da kansa. Ba a tambayarta shekara. Cewa ake, "Lokacin goyon wa kike?" Sannan a bi ƙananan abubuwa: da me ake ɗebo ruwa, da me ake kunna wuta, me ake ci in hatsi ya ƙare. Na taɓa sa wata mata ta zamanin kakanni ta ɗauki bokiti, wata tsohuwa a Unguwar Ya ta yi mini dariya har ta ƙware.

In rubutu ya kammala sai in kai wa mai buga takardu a keken rubutu. Kekensa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, don haka in ya gama sai in bi shafi-shafi da biro ina sa musu ƙugiya. Daga nan sai Kano, wurin dillalin littattafai, shi zai buga, shi zai rarraba. Masu sayena 'yan makarantar kwana ne, da shugabannin makarantu da ke ba da kyauta a ƙarshen zango, da malaman Islamiyya. Akwai wata nas Kirista a Birnin Kudu da ke saya wa 'yarta duk wanda ya fito, ta ce ba ta so yarinyar ta tashi a gari ba ta san matan garin ba. Na rubuta na wadda ta tafi Makka a ƙafa ta dawo ta zaunar da mata tana koya musu karatu. Na rubuta na wata mai fataucin zare. Suna tafiya daidai gwargwado, ba su sa na yi arziki ba, ba su kuma kwana a shago ba.

Ranar da na fara zuwa wurin Iya Dudu na same ta tana kaɗi a inuwar ɗakinta. Yanar ido ta fara rufe mata gani, amma hannunta ya san mazari. Na gaishe ta, na ajiye goro, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce, "Inna kike nema."

"Mene ne sunanta, Iya?"

Ta saki mazarin ta riƙe haɓa. "Ke 'yar nan, a gidanku haka ake? Uwar mijina ce fa. In kama sunanta da wane bakin?"

Wannan shi ne babban ciwon kan sana'armu, kuma ba ku san shi ba. Mata ne ke riƙe da labarin mata, su ne kuma kunya ta hana su faɗin suna. Na sha samun labari cikakke ba tare da sunan mai shi ba. Ranar dai na yi sa'a. Iya ta ɗaga murya ta ce, "Surukata! Fito ki faɗa wa baƙuwa abin da malamai ke kiranki."

Wata yarinya ta fito daga ɗaki, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta na hagu. Jikar Iya ce, ubanta ya yi wa kakarsa takwara da ita, shi ya sa a gida ake ce mata Ummi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce a hankali, "Hansatu."

Iya ta ce, "To kin ji. Ni ban faɗa ba. Surukata, ɗebo mana ruwa. Af, tuba nake, ni ya kamata in ɗebo miki."

Ummi ta ce, "Ki tashi mana, tsohuwa, in da gaske kike."

Daga baya na ji cewa fitila ce ta fashe da ita tana ƙarama, wuta ta cinye mata kunci har wuya. A makaranta yara suka sa mata suna Ƙanzo. Tana aji biyar ta ce ba za ta ƙara zuwa ba, aka yi lallashi, aka yi faɗa, ta ƙi. Tun daga nan take zaune a gida tana yi wa Iya ido.

Labarin Hansatu a hankali na karɓe shi, zuwa bayan zuwa, har kaka ta yi. Agana cuta ce da ba ku tarar ba. Ƙuraje ne ke feso wa mutum daga kai har tafin ƙafa, in bai mutu ba su bar masa ramuka a fuska, su ake kira zanzana. In ta shigo gari sai a yi bukkoki a wancan fili a kai masu ita, kowa ya ja baya, har uwa da ɗanta. Hansatu kaɗai ke bin su. Dangi sukan kawo kunu da ruwa su ajiye a bakin gona su koma nesa, ta fito ta ɗauka. Tana shimfiɗa wa marasa lafiya yashi mai laushi don tabarma na manne musu a jiki, tana kore musu ƙuda da ganye, tana ɗura musu kunun tsamiya da ludayi. Da hantsi kuma sai ta hau kan surin nan ta riƙa kiran sunayen waɗanda suka kwana da rai, da ƙarfi, mutane na tsaye daga nesa suna saurare. Wanda bai ji sunan ɗan'uwansa ba, ya san abin da ya faru. Iya ta ga zuwan cutar na ƙarshe da idonta, tana amarya. Ta ce har yau in ta ji mace ta ƙwala kira daga nesa, sai gabanta ya faɗi.

Na koma Birnin Kudu na rubuta shi cikin zumuɗi, na dawo don in cika dokar Malam Sabo. Muka zauna, Ummi na gefe tana tsince wake. Duk inda sunan ya zo sai in ce Inna, don kada Iya ta tashi ta bar mana wurin. Na fara: Inna doguwa ce, fara sol, fuskarta sumul kamar wata ɗan daren sha huɗu.

Iya ta ce, "Dakata. Wannan 'yar waye?"

"Ita ce, Iya."

"Ita wa? Inna gajera ce, baƙa, fuskarta kamar an yi ruwan ƙanƙara a kan ɗanyen yaɓe. Idonta ɗaya ma ya tafi. Tana da goyo cutar ta kama su ita da mijinta, shi ya tafi, ita ta tashi. Wanda ya yi ya tashi ba ya sake yi, shi ya sa take shiga. Da wannan fuskar da kika ba ta ta shiga wurin nan, ai kafin kasuwa ta zagayo mun haƙa mata kabari. Kin share mata zanzana, kin kashe ta."

Ta ce in ci gaba. Na ci gaba har na zo inda wani kyakkyawan bafatake yake ɗaure jakinsa a gindin tsamiya kullum da la'asar, yana jiranta.

Iya ta tafa hannu. "Shi kuma wannan mai jakin uban wa ya aiko shi? Wurin da ko kare ba ya ratsawa? Ko dai jakin ne ke sonta?"

Ummi ta tuntsure da dariya har waken ya zube, mayafin ya zame, ba ta ma kula ba. Ranar na fara ganin fuskarta duka. Da dariyar ta lafa sai ta matso kusa da kakarta ta ce, "Iya, ita ma yara sun tsokane ta?"

"Tsokana? Suna hango ta suke watsewa. Sai cuta ta shigo, ki ga iyayensu a durƙushe a ƙofar ɗakinta."

Na yage rabin littafin na sake. Na kori bafatake da jakinsa, ko da yake na ji zafin rabuwa da shi, don na ƙawata shi ƙwarai. Na mayar wa Hansatu da tsawonta da launinta da ramukan fuskarta. Wannan karon da na karanta, Iya ba ta tsayar da ni ba sai sau ɗaya, ta gyara mini cewa ba da ƙwarya ake ba su ruwa ba, da kasko ne, don a fasa shi in mai shi ya rasu.

Saura bango. A lokacin dillali ne ke zaɓar hoton bango, yawanci fuskar wata kyakkyawa ce da ba ta da alaƙa da labarin. Ni kuwa na ƙudurta wannan littafin da fuskar mai shi zai fita. Na je wurin Bulus, mai zanen allunan shaguna a Birnin Kudu, na zauna ina faɗa masa abin da Iya ta faɗa yana zanawa da fensir, sannan ya bi da fenti. Ya zana ta a tsaye a kan suri, ta kewaye baki da tafin hannu tana kira. Ya ɗiɗɗiga zanzanar da bakin tsinke, ɗaya bayan ɗaya. Da na kai, Iya ta kanga shi a hancinta ta juya shi wajen haske, ta ce duhu kawai take gani, a ba surukarta ta duba. Ummi ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Malama, haka za a sa a gaban littafin? Kowa ya gani?"

"Haka za a sa."

"Da sunan?"

"Da sunan, da manyan baƙaƙe."

Da aka koma hutu, ba wanda ya ce mata komai, ta wanke kayan makarantarta ta tafi. Ubanta ya aiko mini da kaza. Na ji cewa duk wanda ya ce mata Ƙanzo sai ta ce ya jira, littafin mai sunanta na nan fitowa, za su ga irin fuskar da ta tsayar da garin nan.

Na kai rubutun da zanen Kano da kaina, na naɗe zanen a cikin zani don kada ya karye a mota. Dillalina, Alhaji Mudi, mutum ne mai fara'a, bai taɓa cutata ba. Ya warware zanin, ya duba, ya yi salati.

"Malama, wannan littafi za mu sayar ko maganin tsoro? Bango shi ke sayar da littafi. Yarinya za ta zo da kuɗin tararta, ta ga wannan, ta ga wancan, wanne za ta ɗauka?"

Na yi masa bayani tun daga fili har suri. Na gaya masa akwai wadda ke jira. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce, "To shi ke nan, Malama, za a duba."

Ku riƙe wannan, in ɗan kasuwa ya ce za a duba, bai ce i ba. Ni a lokacin na ɗauka ya yarda, na hau mota ina murna.

Kwalin littattafan ya iso a motar haya bayan watanni. A tasha na yanke igiyar. Sunan yana nan da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinsa wata farar yarinya ce mai jan baki da gashin ido, ta yafa mayafi mai ƙyalli, ta tallafi kunci tana murmushi. Ciki kuwa Alhaji Mudi bai taɓa ko harafi ba, ina jin bai ma karanta ba. Na kira shi daga shagon waya. Ya ce in yi haƙuri, mai injin ne ya ce zanen ba zai fita da kyau ba, in wannan ya ƙare a bugu na biyu za a sa nawa.

Na so in riga littafin isa ƙauyen, amma ya riga ni. Ran kasuwar Gwaram masu shimfiɗa littattafai a tabarma sun baza shi, wata 'yar ajinsu Ummi ta saya ta kai makaranta. Aka yi ta miƙa shi daga benci zuwa benci. Suka ce, "Ƙanzo, ina mai kama da ke ɗin? Ashe ko littafin ma kunyarku yake ji." Wasu suka buɗe ciki, amma yaro abin da ya gani a gaba shi ne gaskiya.

Na sami Iya da Ummi a inuwar ɗakin nan. Iya ta kwanta ciwo tun sanyin da ya wuce, idon ya rufe gaba ɗaya. Ummi ta gaishe ni ba ta ɗago ba. Ban san ta inda zan fara ba, sai Iya ta ji muryata ta ce, "Mai jaki ce? An ce Inna ta fito. Ba ni ita nan."

Na sa mata littafin a hannu. Ta shafa gabansa, ta shafa bayansa, ta sake shafa gaban.

"Surukata, zo ki gani mini. Sun sa mata zanzanarta?"

Na buɗe baki zan yi magana. Ummi ta riga ni. Ta ce, "Sun sa, Iya."

"To ya na ji shi sumul?"

"Takarda ce, Iya. Ba a jin ta a hannu."

"Da idon?"

"Da idon. Tana kan suri tana kira."

Iya ta ɗora littafin a ƙirjinta ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau na biya ta tuwon da na ƙona mata ina amarya." Ta sa mini albarka mai tsawo. Ummi ta tashi ta shiga ɗaki, har na tafi ba ta fito ba.

Iya ba ta ga damina ba. Ummi kuma ba ta ƙarasa wannan zangon ba. Na je sau da dama, na karanta mata shafukan ciki, na nuna mata babu abin da aka canja. Takan ce, "Na sani, Malama." Na ce ta ba ni lokaci, bugu na biyu na zuwa. Ta ce Allah ya kai mu.

Littafin ya yi kasuwa fiye da duk abin da na taɓa rubutawa. Da ya ƙare Alhaji Mudi ya ce wa zai canja bangon da ke tafiya, ya sake bugawa yadda yake. Na yanke shawarar in karɓe shi in buga da kaina, na fara tara kuɗi. Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya yi ta sauka kamar ba zai ɗauke ba, hanya ta yanke, katangar ɗakin da nake ajiya ta zauna. Da muka shiga, kwalayen littattafai sun zama kunu. Kaset-kaset ɗina duk laka ta shige su, na wanke, na shanya, na naɗe da biro, da na saka sai gurnani. Muryar Iya Dudu da ta sauran tsofaffina a nan ta ƙare. Kafin in farfaɗo takarda ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, 'yan mata kuma sun koma karatu a waya. Malam Sabo ya kwashe littattafansa a buhu ya mayar da rumfar wurin cajin waya, bai daɗe ba ya rasu. Na je Kano neman zanen, na tarar Alhaji Mudi ya koma sayar da atamfa, ya ce an yi ƙaura da shago, bai san inda ya shiga ba. Bulus ma ya koma garinsu.

Wannan ita ce sana'ar da kuke cewa mai sauƙi. Za ku yi ta yawo a kan babur, ku taya tsofaffi ɓarar gyaɗa, ku yage abin da kuka fi so a rubutunku, sannan abin da yarinya za ta fara gani ya kasance a hannun wani.

Shekaru sun tura sosai kafin in sake ganin Ummi. Na ji ta yi aure a cikin garin Gwaram, tana ɗinki a gida. Sai na zauna da wani mai shagon kwamfuta a Birnin Kudu, na yi ta kwatanta masa yana gyarawa, har ya fitar da wani abu kusa da na Bulus: gajera, baƙa, ido ɗaya, ramuka a fuska. Ya buga mini a takarda mai kauri. Na sa a jaka na hau mota.

Na same ta a kan keken ɗinki, mayafin yana nan a gefen hagu. Ta yi murna da ganina, ta shimfiɗa mini tabarma, ta aika a sayo fura. 'Ya'yanta mata uku suka kewaye ni. Babbar, mai wayo da surutu, ta ce, "Ke ce mai littafin kakarmu? Mama tana ba mu labarinta. Ta hau suri tana kiran sunaye."

Na ce, "Haka ne. Yaya kamanninta?"

"Fara ce, doguwa. Duk garin ba mai kyanta."

"To ya aka yi cutar ba ta kama ta ba?"

Yarinyar ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Saboda kyanta mana. Mama ta ce cutar kunyarta ta ji."

Keken ɗinkin bai tsaya ba. Na jira har yaran suka fita tarar mai fura, sannan na ciro takardar na miƙa mata. Ta ɗauke ƙafa daga kan keken. Ta karɓa, ta duba, ta kai yatsa kan kuncin hoton ta bi ramukan a hankali. Daga zaure muka ji yaran na dawowa suna gardamar wa zai riƙe kwanon. Ta kifa takardar a cinyarta, ta turo mini ita a kife.

Ta ce, "Malama, mayar da shi jaka. Kada su gani, tsoro za su ji."

Na mayar. Muka sha fura, ta tambaye ni mutanen Birnin Kudu, ta auna ni ta ce za ta ɗinka mini riga. Tana nan a Gwaram har yanzu, ɗinkinta yana da kyau, mata na yabon hannunta. Babbar 'yarta tana aji huɗu, an ce ita ke zuwa ta ɗaya. Bara Ummi ta sake haihuwar mace, mijin ya ce a sa wa jaririyar sunanta, Hansatu. Ta ce a nemi wani.